Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Awa Nawa Ne Daga Zagga Zuwa Madina?

Ranar 15 ga Mayu, 2024, jirgin farko na maniyyatan Najeriya na waccan shekara ya tashi daga Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, daf da Birnin Kebbi, ya nufi ƙasa mai tsarki ɗauke da mutum fiye da 400. Mataimakin Shugaban Ƙasa, Kashim Shettima, shi ya zo ya sallame su. Abin farin ciki ne ga Kebbi, babu kuma mai hankalin da zai raina shi. Sai dai irin wannan biki yana haifar da wata magana a bakin jami'ai da 'yan boko, wato mu: wai yanzu tsakanin Kebbi da Madina awa 5 ce kacal. Ana faɗinta da murmushi, kamar an naɗe ƙasa an miƙa wa talaka kyauta.

Lissafin daidai ne, amma na jirgi ne. Mutumin Zagga, a ƙaramar hukumar Bagudo, wanda ya sayar da shinkafa da shanu ya biya kujera, bai taɓa zuwa Madina cikin awa 5 ba, kuma muddin da wannan mudu muke awo, ba zai taɓa zuwa ba. Lokaci ya yi da za mu daina karɓar zaman da ake yi a cikin jirgi a matsayin tsawon tafiya, domin wannan adadi ya zama labulen da masu alhakin sauran awoyin ke ɓuya a bayansa.

Inda awa biyar ta samo asali

Bari mu fara ba lissafin haƙƙinsa. Duniya mulmulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗa, saboda haka layin da ka ja da rula a kan takarda ba lallai ya zama hanya mafi kusa ba. In kana son ganinta, samo ƙwallon duniya irin na makaranta, ka dafe bakin zare a kan Birnin Kebbi, ka ja ɗaya bakin zuwa Jidda har ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. Za ka ga ya bar Najeriya tun da wuri, ya shiga Nijar ta wajen Maraɗi da Damagaram, ya ratsa hamadar Chadi, ya ƙetare arewacin Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Tsawonsa kimanin kilomita 3,800 ne. In Madina aka nufa, ya kusa 3,950.

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Raba wancan da wannan, ka sami awa 4 da rabi. Ƙara abin da hawa da sauka da gangarawa a kan titin fili ke ci, sai ga awa 5. Iska tana iya ƙarawa ko ta rage, domin a can sama akwai igiyoyin iska masu ƙarfi, jirgin da ya bi bayansu ya yi sauri, wanda ya tunkare su ya yi nawa, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba. Sai kuma agogo: Saudiyya tana gaba da mu da awa 2, don haka jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 zai sauka ƙarfe 5 na asuba a agogonsu.

Wannan shi ne iyakar abin da injin da iska suka mallaka a cikin tafiyar. Duk abin da ya ƙaru a kai, mutane ne suka ƙara shi, kuma abin da mutum ya ƙara, akwai wanda za a tambaya.

Sama ma tana da iyaka

Mukan ɗauka cewa da zarar jirgi ya rabu da ƙasa ya rabu da shingayen kwastan da na 'yan sanda. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ita ce ginshiƙin sufurin jiragen sama na duniya, ta buɗe ne da tabbatar da cewa kowace ƙasa tana da cikakken iko da sararin samanta. In ya bi gajeriyar hanya, jirgin alhazan Kebbi yana fita daga hannun masu kula da zirga-zirga na Najeriya, ya shiga hannun na Yamai, daga nan na Njamena, sai na Khartum, sai na Jidda. Kowane yanki da izininsa, da kuɗin wucewarsa, da ranar da zai iya cewa a'a.

Ranar ta zo. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, makonni kaɗan kafin fara jigilar alhazai, aka rufe sararin saman ƙasar. Abin ya shafi har saman Sudan ta Kudu, wanda a lokacin daga Khartum ake kula da shi. Zaren nan da muka ja ya tsinke a tsakiya. Dole jirage su kewaya, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha, ko ta arewa ta wajen Masar, tafiya ta ƙaru da kimanin awa 2, wani lokaci fiye. Kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Madina ba ta gusa ba, Ambursa ma tana inda take, amma nisan ya ƙaru, kuma da dala aka auna shi.

Ba a gama da wannan ba, sai sojoji suka karɓe mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023. Da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Yamai ta rufe samanta ranar 6 ga Agusta, jiragen da ke zuwa daga Turai suka koma kewaye har zuwa farkon Satumba. Ba mu kaɗai ke shan wannan ba. Tun da Rasha ta rufe samanta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokiyo ta tashi daga kimanin awa 9 zuwa kimanin 13. Wanda ya ce maka wuri kaza awa kaza ne, yana gaya maka halin siyasar ranar ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Kakanninmu ba su buƙaci a gaya musu wannan. Hanyar da zaren ya bi ba ta yi nisa da wadda alhazan ƙasa suka bi shekaru aru-aru ba, ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, ana yada zango ana noma ana neman guzuri, wasu su shekara, wasu su shekara goma, wasu su zauna ke nan. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ce har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, su ma ta Sudan da Chadi suka biyo daga Masar, suna yada zango kamar ayari. Sudan ce ƙofarmu ta gabas tun kafin a ƙera jirgi, in ta rufe kuwa, sai mu ji a jikinmu.

Kilomita ɗari da suka fi dubu uku tsawo

Mu sauko ƙasa. A miƙe, tsakanin Bagudo da Birnin Kebbi bai kai kilomita 130 ba, abin da jirgin alhazai ke cinyewa cikin ƙasa da minti 10. Mutumin da ya fito daga Zagga, ko Illo, ko Ka'oje, ko Lolo a bakin iyakar Benin, ba ya tafiya a miƙe. Yana bin inda titi ya bi, titi kuma yana bin inda gada take, domin Kwara da fadamunta su ke da ta cewa a wannan ƙasa. Daga ƙauye sai babur, wani wuri sai kwalekwale, sannan tasha, a zauna jiran mota ta cika. Da yake yankin bakin iyaka ne, shingaye ba sa yankewa, kowane da tsayawarsa. In damina ta yi ƙarfi kamar ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a Kebbi, hanyar jiya ba ita ce ta yau ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan awoyi da ke shiga lissafin da ake faɗi a wurin biki. Mai faɗin kuwa ba ƙarya yake nufi ba. Gidansa yana cikin birni, motarsa tana kai shi bakin fili cikin minti kaɗan, ga shi kuma yana da wanda zai buga masa waya ya ce jirgi ya iso. A wurinsa Madina awa 5 ce da gaske. Laifinsa shi ne ɗaukar agogonsa ya ɗaura wa jiha baki ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai ɗakin ba ya cikin masu riƙe da makirfo.

Awoyin da ba su da mai su

Mafi tsawon zango a tafiyar maniyyaci shi ne wanda ba a motsi a cikinsa. Duk wanda ya taɓa raka uwa ko uba sansanin alhazai, a kowace jiha ta Arewa, ya san yadda abin yake: a yi kira a rediyo, a zo da jaka da 'yan rakiya, a tantance, a zauna. Jirgi yana hanya. Jirgi ya sami matsala. Biza ba ta fito ba. A kwana a kan tabarma, tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, guzurin da aka tanada don Makka ya fara tafiya a kan ruwan leda da abincin bakin ƙofa. Wani lokaci a ce a koma gida sai an sake kira, wanda gidansa ke bayan sansani ya koma, na Zagga kuwa ya rasa ta yi, komawa asara, zama ma asara.

Ga wani abin lura. Tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi a duniya ba tare da tsayawa ba ita ce ta Singafo zuwa Niyok, kimanin kilomita 15,300, awa 18 zuwa 19. Maniyyacin da ya kwana ɗaya ya wuni a sansani ya riga ya zarce wannan, alhali ƙafarsa ba ta taka matakalar jirgi ba. Ƙarshen irin wannan jira kuwa mun gan shi a 2022, lokacin da ɗaruruwan maniyyata, da yawansu daga Kano, suka biya kuɗi cif, suka zauna jiran jirgi har Saudiyya ta rufe ƙofa, Arfa ta wuce su suna gida. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ba da haƙuri. Ga tsohon da ya yi shekaru yana tari, ba kowane ne Allah ya nuna wa wata shekarar ba.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne hukumomin sun iya lissafin nisa sarai idan kuɗi ne zai shigo. Kuɗin kujera ba ɗaya ba ne a faɗin ƙasa: maniyyatan Borno da Adamawa sun fi kowa sauƙi saboda sun fi kusa da Saudiyya, sai sauran Arewa, sai Kudu da ta fi tsada. A 2025 kowane rukuni ya haura naira miliyan 8. Kilomitar sama an auna ta har kwabo. Awar da tsoho ya yi a kan tabarma ba ta da rajista, ba ta da farashi, babu ofishin da aka rubuta sunansa a kanta.

Maƙwabcin da ya fi Makka nisa

Wannan mudu na ƙarya bai tsaya a kan Hajji ba. Filin Ambursa sunansa na ƙasa da ƙasa, amma in ka cire jigilar alhazai, babu jirgin fasinja mai jadawali da ke tashi daga can zuwa wata ƙasa. Yamai tana kimanin kilomita 260 daga Birnin Kebbi, Kwatano kimanin 700. A lissafin injin, ta farko ba ta kai awa guda ba, ta biyu awa ɗaya da 'yan mintoci. A aikace, ɗan kasuwar Bagudo da ke son zuwa Kwatano ta sama sai ya juya wa Benin baya, alhali ga ta nan ta Tsamiya zuwa Segbana, ya yi arewa zuwa Ambursa, ya hau zuwa Abuja, wataƙila ya sake hawa zuwa Legas, sannan ya nemi na Kwatano. Yamai kuwa sau da yawa sai an bi ta Lome, a gangara har bakin teku a sake hawowa.

Fataken goro da suka riƙa ƙetare Kwara a Illo, su ratsa Borgu su nufi Gwanja, ba su san wannan wauta ba. Ƙasashen Afirka sun amince da Ƙudurin Yamusukuro tun 1999 domin buɗe sararin nahiyar ga jiragen juna, suka sake ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta sufurin sama a Adis Ababa a Janairun 2018, Najeriya da Benin suna sahun gaba. Takardun suna nan. Mutumin bakin iyaka har yanzu mota da kwalekwale ya sani, su ma sai ranar da iyaka ta ga dama, kamar yadda ya gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019.

Abin da za a ce mini

Za a ce butulci ne. Da can alhazan Kebbi sai sun tafi wata jiha kafin su hau jirgi, yanzu ga fili a gida. Gaskiya ne, filin ya rage wahala, kuma ba na kiran a rufe shi. Amma fili rabin aiki ne. Wanda ya haƙa rijiya bai sa guga ba, ba zai yi fushi don an ce masa har yanzu ana jin ƙishi ba.

Za a ce jinkiri ba laifin kowa ba ne, akwai yanayi, akwai ƙa'idojin Saudiyya, akwai yaƙin Sudan. Wasu dalilan haka suke. To a rubuta su mana, kowane jinkiri da dalilinsa, mu ga nawa ne na hazo, nawa ne na kamfanin da ya karɓi kwangilar da ta fi ƙarfin jiragensa, nawa ne na jami'in da ya kira mutane sansani tun jirgi bai baro inda yake ba. Wanda ba shi da laifi ba ya tsoron rajista.

Za a ce, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi rufe bakin mutane, Hajji ibada ce, haƙuri yana cikinta. Haka ne. Sai dai haƙuri ado ne ga mai ibada, abin da ke kan mai riƙe da ofis kuwa amana ce. Wanda ya karɓi miliyoyin bawan Allah, ya bar shi a kan tabarma, sannan ya juyo yana yi masa wa'azin haƙuri, ya ci kuɗinsa ya kuma ari bakin malamai ya ci albasa. Malaman fiƙihu da kansu ba su yi wasa da wahalar matafiyi ba. A mazhabar Malikiyya an ƙayyade tafiyar da ake yin ƙasaru a cikinta da mil 48, aka kuma kwatanta ta da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Sun auna ƙasa, sun kuma auna jikin mai tafiya.

A dawo da tambayar kwana nawa

Bahaushe bai taɓa tambayar gari kaza mil nawa ne ba. Tambayarsa ita ce tafiyar kwana nawa ce, zango nawa ne. Wannan mudu ya fi namu gaskiya, domin yana farawa daga ƙofar gida ya ƙare a masauki, yana ɗauke da jira da ƙetare kogi da gajiyar tsoho. Shi nake so mu dawo da shi, a rubuce, da alƙaluma.

Hukumar jin daɗin alhazai ta kowace jiha tana iya wallafa abu uku game da kowane jirgi bayan an kammala jigila: lokacin da aka kira maniyyata sansani, lokacin da aka ce jirgi zai tashi, da lokacin da ya tashi. Duka ukun suna cikin takardunta, ba sai an kafa kwamiti ba. Majalisar dokokin jiha tana da ikon neman su. Kada a kira mutanen Bagudo da sauran ƙananan hukumomi masu nisa sai an tabbatar jirgi ya kamo hanya, a yi musu tantancewa a hedikwatar ƙaramar hukumarsu, a ɗauko su a mota ɗaya zuwa bakin fili.

Jinkiri kuma ya zama yana da farashi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 tana ba fasinja diyyar da ta kai yuro 600 idan aka yi masa dogon jinkiri a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, tafiyar Kebbi zuwa Jidda kuwa ta wuce haka. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya da Saudiyya duk suna ciki, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin asarar da jinkiri ya jawo. Ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya su ma sun tanadi abinci da masauki da mayar da kuɗi gwargwadon tsawon jinkiri. Abin da ya rage shi ne a sa irin wannan sharaɗi a kwangilar jigilar alhazai, tarar kuma ta shiga aljihun wanda ya kwana a tabarma, kada ta maƙale a asusun hukuma.

Duk gwamnan da zai kashe kuɗi a kan filin jirgi, a tambaye shi titin da ke kai mutane filin, domin titin jirgi na gaskiya yana farawa ne daga tashar motar Zagga. Mu kuma masu rubutu da masu magana a rediyo, mu daina maimaita awa 5 kamar karatun allo. In jirgin farko ya tashi bana, a bar manyan baƙi su yi jawabinsu, a nemi tsohuwar da ta fito daga ƙauye mafi nisa a tambaye ta ranar da ta baro gida. Amsar da ta bayar, a haɗa da awa 5 ɗin, shi ne nisan Kebbi da Madina.